Wa zai tsaya gadi a ƙofar makewayi?

Faɗan da babu ruwanka, in ji masu iya magana, daɗin kallo gare shi. Da irin wannan ido ne akasarin mutanenmu suke kallon labarin da gidajen rediyon ƙetare suka daɗe suna kawo mana daga Amurka, wai a ƙasar da ta kai mutum duniyar wata ƴan majalisa suna zaman kwana da kwanaki, lauyoyi suna kai da kawowa gaban manyan alƙalai, duk a kan wa ya cancanci shiga makewayin mata, wa kuma ya cancanci shiga na maza. A rumfunan kasuwar Matamaye, da majalisun da ma'aikata suke shan shayi bayan an tashi daga biro, hukuncin da aka saba yankewa ɗaya ne: ƙoshi ne ya yi musu yawa. Ba za a ce maganar ba ta da ƙamshin gaskiya ba, balle daga bakin ɗan ƙasar da alƙaluman Majalisar Ɗinkin Duniya na farkon shekarun 2020 suka nuna wajen mutum 2 cikin 3 na al'ummarta ba su da salanga ko wace iri, sai dai su nufi bayan gari.

Amma wanda ya tsaya ya tona zancen zai tarar da wata tambaya a ƙarƙashinsa. Idan shigar mutum, ko tafiyarsa, ko muryarsa ta saɓa wa abin da jama'a suke tsammani daga namiji ko mace, wa ke da ikon tsayar da shi, da wace hujja, kuma me za a yi masa? Wannan tambaya ta riga labarin Amurka isowa ƙasar Hausa da shekaru aru-aru. Tana nan cikin littattafan fiƙihun da ake karantawa a zaurukan Damagaram, tana nan cikin dokokin maƙwabtanmu na bayan Ɗan Barto inda fatakenmu suke kwana su tashi, kuma tun shekarar 2025 ta shigo cikin takardun mulkin ƙasarmu.

Bari mu fara da abin da ya faru can, domin da yawa sun ji wutsiyar zancen ba su ji kansa ba. Waɗanda ake kira masu sauya jinsi mutane ne da aka rubuta su maza a takardar haihuwa, amma suka tashi suna jin kansu mata, ko kuma akasin haka. Wasu suna tsayawa ga sauya suna da tufafi, wasu suna shan magungunan da ke fito da gemu ko nono, wasu har su kai ga wuƙar likita. A watan Fabrairu na 2016 majalisar birnin Shalot, cikin jihar Karolina ta Arewa, ta yi dokar da ta ba irin waɗannan mutane damar shiga makewayin jinsin da suke rayuwa a kansa. Majalisar jiha ba ta bari dokar ta fara aiki ba. Ranar 23 ga Maris aka kira zaman gaggawa, cikin wuni guda aka karanta, aka jefa ƙuri'a, gwamna Pat McCrory ya sa hannu a daren. Sabuwar dokar, wadda aka sani da HB2, ta ce a makarantu da gine-ginen gwamnati kowa ya shiga makewayin jinsin da ke rubuce a takardar haihuwarsa.

Abin da ya biyo baya ya kamata ƴan kasuwa su saurara. Kamfanin PayPal ya fasa buɗe ofishin da zai ɗauki ma'aikata 400 a Shalot. Hukumar ƙwallon kwando ta NBA ta ɗauke babban wasanta na 2017 daga birnin ta kai shi wata jiha. Mawaƙa suka soke wasanni, ƙungiyoyi suka soke tarurruka, masu otel da masu gidajen abinci suka ji a aljihunsu. Kamfanin dillancin labarai na AP ya yi lissafin cewa jihar za ta yi asarar sama da dalar Amurka biliyan 3.7 cikin shekara 12. A zaɓen Nuwamba na 2016 gwamnan ya faɗi da ratar ƙuri'a wajen 10,000, kuma a ƙarshen Maris na 2017 aka soke sashen da ya shafi makewayi.

Sai dai abin da ya fi jan hankalinmu cikin labarin ba asarar kuɗi ba ne. Da aka tambayi ƴan sandan jihar yadda za su aiwatar da dokar, da yawa suka amsa cewa ba su da hanya. Ba wanda yake yawo da takardar haihuwa a aljihu don zai kama ruwa, ba kuma za a ajiye ɗan sanda a bakin kowane makewayi ba. Dokar kanta ba ta faɗi hukuncin wanda ya karya ta ba. To, dokar da hukuma ba ta iya aiwatarwa, wa zai aiwatar da ita? Sai duk wanda ya ga dama. Jaridun ƙasar sun sha kawo labarin matan da aka haifa mata, ba su taɓa sauya kome ba, amma don suna da gajeren gashi, ko faɗin kafaɗa, ko kaurin murya, wani ƙato ya bi su har ƙofa yana neman su tabbatar masa su mata ne. Dokar da aka yi don kare mutuncin mata ta zama hujjar da baƙon namiji yake ƙare wa mace kallo daga sama har ƙasa.

Wannan ba ya nufin masu goyon bayan dokar ba su da abin faɗa. Macen da ta ce ba ta son tuɓe tufafinta inda mai halittar namiji zai iya shigowa ba ta faɗi abin dariya ba, kuma Bahaushe, wanda ya gina zaure da shigifa da katanga don tsare idon baƙo daga cikin gida, shi ne na ƙarshe da zai yi mata ba'a. Shi ya sa rigimar ba ta mutu da HB2 ba. Jihar Fulorida ta yi tata dokar a 2023, wannan karon da hukunci, har a watan Maris na 2025 aka kama wata ɗaliba mai sauya jinsi da ta shiga makewayin mata a ginin majalisar jihar ta wanke hannu. Jihar Teksas ta bi sahu a 2025 da tara mai nauyi a kan duk ma'aikatar da ta yi sakaci. Ranar 20 ga Janairun 2025 shugaba Donald Trump ya sa hannu a umurnin da ya ce gwamnatin tarayya jinsi biyu kawai ta sani, kuma ranar 16 ga Afrilun shekarar kotun ƙolin Birtaniya ta yanke cewa kalmar mace cikin dokar daidaito ta 2010 tana nufin wadda aka haifa mace. Duk da haka tambayar ƴan sandan Karolina tana nan inda suka bar ta.

Namu ba baƙi ba ne

Duk wanda ya taɓa sauka tashar mota a ƙasar Hausa da yunwa, daga Damagaram zuwa Kano, daga Maraɗi zuwa Katsina, da wuya a ce bai taɓa cin abin da ɗan daudu ya dafa ba. Su ne masu soya kaji da ƙwai, masu tuwo da miya a bakin kasuwa, masu ɗaura zane a kan riga su ɗora tukunyar da mata uku ba su iya saukewa. Su ake kira ranar biki idan ana son abinci ya wadata ya kuma yi daɗi. A da sukan zauna gidajen mata masu zaman kansu, suna dafa abinci suna kuma shiga tsakani, kuma sun yi kusa da ƴan bori, har masana da dama suna danganta sunan nasu da Ɗan Galadima na cikin iskokin bori, kasancewar Daudu kirari ne na Galadima. Iya habaici da karin magana kuwa, sai dai a sallama musu.

Wani Ba'amurke mai nazarin harshe, Rudolf Gaudio, ya zauna da su a Kano cikin shekarun 1990, ya fitar da littafi a kansu a 2009. Abin da ya tarar shi ne abin da kowane dattijo a nan ya riga ya sani: a tsakaninsu sukan kira juna da ke da ƙawa da uwar ɗaki, amma akasarinsu ba su taɓa cewa su ba maza ba ne. Da yawa suna da mata da ƴaƴa, suna aurar da ɗiya, suna zuwa Makka, wasu ma sun yi shekaru suna sana'ar abinci a Jidda. Ɗan daudu yana salla a sahun maza, idan ya mutu maza ke yi masa wanka. Bai taɓa kai ƙara don a bar shi ya shiga makewayin mata ba, bai nemi a sauya masa katin ɗan ƙasa ba. Saboda haka kuskure ne a ɗauko rigar Amurka a sa masa, ko daga masu cewa suna kare shi, ko daga masu cewa Turawa ne suka kawo shi. Yana nan tun kafin Bature ya kafa bariki a Damagaram.

Ba za mu ce al'umma ta taɓa girmama daudanci ba. Uba ba ya murna idan ɗansa ya kama wannan hanya, malamai sun yi wa'azi a kai, yara sun yi ature. Amma an bar masa gefe a kasuwa, an sayi abincinsa, an amsa sallamarsa, kuma abin da ya wuce haka an bar shi tsakaninsa da Mahaliccinsa. Wannan ba dokar kowa ba ce, tsarin zama ne irin na mutanen da suka san gobe ma za su haɗu a rijiya ɗaya.

Malamanmu na fiƙihu ma ba su kau da kai daga al'amarin ba, sai dai sun rarrabe abubuwan da mu yau muke cakuɗawa. Akwai mata-maza, wanda aka haifa da halitta biyu ko wadda ba ta bayyana ba, shi ne hunsa a Larabce. Akwai kuma namiji cikakke mai ɗabi'ar mata. Game da na farko, masu tarihi sun kawo labarin Amiru ɗan Zaribi, alƙalin Larabawa kafin zuwan Musulunci, wanda aka kawo wa shari'ar gadon mata-maza ya rasa ta cewa, ya kwana yana juyi, har baiwarsa mai kiwon tumaki, Suhaila, ta ba shi shawarar ya bi mafitar fitsari ya yanke hukunci a kanta. Ashe dai tun can zancen jinsi da zancen makewayi tare suke tafiya. Muhtasar na Shaihu Halilu, wanda almajiri ba ya zama malami a ƙasar nan sai ya ratsa shi, da wannan mas'ala ya rufe: idan alamomi sun bayyana a bi su, idan kuwa sun rikice a ba mutumin rabin rabon namiji da rabin rabon mace. A salla aka ba shi wuri tsakanin sahun maza da na mata. Wato malamai ba su kore shi daga masallaci ko daga gado ba, wuri suka nema masa.

Akwai wani abu cikin sharhin malaman Malikiyya da ya kamata mai son tsayawa gadi ya yi tunani a kai. Da suka zo kan yadda za a gane alamar ga wanda ya balaga, sai suka shiga neman dabarar da ba za a kalli tsiraicinsa kai tsaye ba: wasu suka ce a duba ta madubi, wasu suka ce ya fuskanci bango ya yi fitsari a duba inda ya sauka. Wannan fa a gaban shari'a ke nan, inda dukiyar magada take rataye da amsar. Idan alƙali da kansa yana wannan taka-tsantsan, ina hujjar yaron unguwa da zai ce sai an tuɓe ya gani?

Game da na biyu kuwa, hadisin Ibnu Abbas da Buhari ya rawaito a kan tsinuwa ga maza masu kwaikwayon mata da mata masu kwaikwayon maza sananne ne, ba mai musunsa, kuma wannan shafi bai zo don ya sassauta shi ba. Amma Imam Nawawi da wasu manyan masu sharhi sun bambanta wanda aka halitta da laushin murya da motsi, wanda suka ce ba zargi a kansa, da wanda ya ɗora wa kansa da gangan. A Madina akwai irin wannan mutum da yake shiga wurin matan Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ba a hana shi ba sai ranar da aka ji yana siffanta jikin wata mace ta Ɗa'ifa ga wani namiji. Abin da ya fito daga bakinsa ne ya rufe masa ƙofa. Abu Dawuda kuma ya rawaito cewa an kawo wani da ya yi ƙunshi a hannu da ƙafa, aka fitar da shi bayan gari, da aka nemi izinin kashe shi sai Annabi ya hana, saboda mutumin mai salla ne. A mazhabarmu, wanda ya jefi namiji da luwaɗi bai kawo shaidu ba, shi ne zai sha bulala 80. Aya ta 12 cikin Suratul Hujurat ta hana zato da binciken asirin mutane. Duk waɗannan suna cikin addinin da ake ɗaga sunansa lokacin da aka ɗauki dutse.

Ranar da riga ta zama laifi

Dokar da ta fara mai da tufafi laifi a maƙwabtanmu ta girmi shari'ar da aka ƙaddamar a Zamfara. Kundin laifuka na Jihar Arewa, wanda aka yi a 1959 zamanin Sardauna ya fara aiki a 1960, ya lissafa namijin da ya yi shigar mata a bainar jama'a cikin ƴan zaman banza, a sashe na 405. Shekara 40 dokar tana kwance, ƴan daudu suna soya kajinsu a Sabon Gari da tashoshin Kano. Da Zamfara ta yi bikin ƙaddamar da shari'a a Oktoban 1999, Kano da Katsina suka biyo a 2000, sai al'amari ya sake. Jihar Kano ta yi dokar hana karuwanci da ayyukan baɗala, wadda ta tanadi ɗaurin shekara 1 ko tarar naira 10,000 ga namijin da ya kwaikwayi mata a shiga ko a ɗabi'a. A lura da kalmar ɗabi'a. Riga ana iya ɗaga ta a nuna wa alƙali, amma yaya ake auna rangwaɗa? Da wane ma'auni za a ce wannan murya ta cika laushi?

A watan Agusta na 2007 aka kama samari 18 a wani otel a Bauci, aka gurfanar da su gaban kotun shari'a, daga baya tuhumar ta koma ta shigar mata da zaman banza. A Janairun 2014 shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a dokar hana auren jinsi ɗaya mai ɗaurin shekara 14, kuma cikin watan nan taron jama'a ya yi ruwan duwatsu a kan wata kotu a Bauci, yana neman a miƙo masa waɗanda ake tuhuma tun alƙali bai yanke hukunci ba. A 2022 wani ɗan majalisar wakilai ya kai ƙudurin da zai haramta shigar wani jinsi a duk faɗin Najeriya. A watan Agusta na 2024 aka tsinci gawar wani matashi mai shigar mata, wanda aka sani a intanet da laƙabin Abuja Area Mama, yashe a bakin hanya cikin Abuja. Idon da aka buɗe don ɗan daudu kuwa bai tsaya a kansa ba: a Kano an sha ganin ƴan Hisba suna tare samari a titi suna aske musu kai don askinsu bai yi musu ba. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awai.

Mu ma iskar ta kaɗo mu. Da aka rufe gidajen giya da gidajen mata a jihohin shari'a, masu su da masu cin abinci a inuwarsu suka tsallako iyaka, garuruwanmu na bakin iyaka suka cika da baƙi, wa'azi ya yi zafi. A watan Nuwamba na 2000, da Alphadi ya shirya bikin nuna tufafi na FIMA karo na biyu a Yamai, zanga-zangar ƙin bikin ta rikiɗe a Maraɗi ta zama ƙone-ƙone. Ba mai nuna tufafi ko ɗaya a Maraɗi ranar, nisan kilomita sama da 600 ke tsakaninsu da wurin. Waɗanda suka ji a jikinsu su ne mata masu zaman kansu, da gidajen giya, da gidan Iya shugabar ƴan bori. Gwamnatin Tandja Mamadu ta rushe ƙungiyoyin addini da dama bayan haka, amma wanda aka ƙone wa ɗaki an riga an ƙone masa. Mutanen Damagaram, da suka ga abin da ya faru ranar 16 ga Janairun 2015, ba sa bukatar a ba su labarin yadda wuta take tashi a maƙera ta ƙare a masaƙa.

Ta fuskar doka, kundin laifukan da Nijar ta kafa a watan Yuli na 1961 ya yi shekara sama da 60 bai ambaci shigar mata ko sauya jinsi ba. Abin da ya hukunta shi ne keta haddin kunya a bainar jama'a, da aikin assha da wanda bai kai shekara 21 ba. A Janairun 2023 shugaba Bazum Mohamed ya sanar cewa sabon kundin da ake shiryawa zai tanadi hukunci a kan luwaɗi da maɗigo. Bayan juyin mulkin Yuli na 2023, Kundin Sake Gina Ƙasa da aka ƙaddamar a Maris na 2025 ya haramta al'amuran da ake tarawa ƙarƙashin haruffan LGBT, ya ce doka za ta hukunta su. Mali ta yi tata dokar a ƙarshen 2024, Burkina Faso a Satumban 2025. Akasarin jama'a sun yi na'am, kuma ba wanda ya san ƙasar nan da zai yi mamaki.

To, a nan ne maganar ta dawo kan teburin ma'aikaci, domin doka a Yamai ake rubuta ta, amma a Matamaye da Kance da Dungu ake aiwatar da ita, ta hannun jandarma da perefe da mai gari da shugaban makaranta. Idan aka kawo mutum gabansu, abin da za su tambaya shi ne: me ya aikata, a ina, wa ya gani? Idan amsar ita ce ku dubi yadda yake tafiya, to ba a kawo ƙara ba, zato aka kawo. Kuma ƙasarmu ba ta dace da shari'ar kallo ba ko kaɗan. Saurayin Bororo da ya shigo kasuwa da kitso da kwalli da ƴan kunne, wanda a wurin gerewol yake shafa fuska ya yi rawa ƴan mata su zaɓa, a wane sahu mai gadi zai sa shi? Buzu namiji ne ke rufe fuska, matarsa ta bar tata a buɗe. Dattijo yana sa kwalli ranar Juma'a yana neman lada, a wurare da dama ango yana shan lalle. Ɗiyarmu jandarma ko soja da wando take aiki. Wanda ya ce zai raba maza da mata da ido a ranar kasuwa, kafin azahar ya tara abokan gaba daga ƙabila uku.

Ɗan kasuwa ma yana da nasa rabon a ciki. Kowa ya san yadda zargi yake aiki a kasuwa: wanda ake bin sa bashi, ko wanda yake ƙyashin rumfar maƙwabcinsa, ba ya bukatar shaida, kalma ɗaya ta ishe shi, yanzu kuwa da waya a hannun kowa, kafin la'asar hoton mutum ya kai Kano. Yaron shago mai sanyin murya, mai sayar da abinci da ya fi na kusa da shi ciniki, malamin makaranta baƙo da bai yi aure da wuri ba, kowannensu ana iya kashe masa kasuwa da sunan kishin addini, alhali kuwa kishin ciniki ne.

Sauran zancen makewayi da muka fara da shi. Abin mamaki, gidan Bahaushe ya daɗe da warware abin da ya gagari majalisun Amurka. A yawancin gidajenmu makewayi ɗaya ne, maigida da uwargida da yara duk shi suke shiga, ɗaya bayan ɗaya. Buta a bakin ƙofa, ko zane a kan katanga, ko gyaran murya, sun isa su gaya wa mai zuwa ya dakata. Haka yake a jirgin da ke kai alhazai Jidda. Rigimar Amurka ta samo tushe ne daga irin gininsu, babban ɗaki guda da mutane da yawa suke shiga lokaci ɗaya, da ƴan shingaye da ba su kai ƙasa ba. Mu da ba mu riga mun gina namu ba, ba abin da ya tilasta mana kwaikwayon wannan fasali.

Domin kuwa matsalar da ke gabanmu a tasha da kasuwa ta fi wannan muni. Macen da ta ɗauko kaya daga ƙauye tun asuba takan ƙi shan ruwa wuni guda cikin zafin bazara don ta san ba inda za ta kewaya. Namiji yakan juya wa jama'a baya ya tsuguna gindin katanga, ita kuwa ba ta da wannan dama. Ɗiya mace da ta fara al'ada takan zauna gida idan makarantarsu ba ta da wurin da ke rufuwa. Inda aka gina kuma, sau da yawa ƙyauren ya ɓalle, ko sakatar ta tafi, ko ba ruwa, sai mai karɓar dala biyar ko goma a bakin ƙofa. Idan da gaske mutuncin mata ake so a tsare, ga inda yake zubewa kullum, ba kuma ɗan daudu ne ya zubar da shi ba. Tun 2013 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware ranar 19 ga Nuwamba don tunawa da wannan bukata, akan yi jawabi, a sha lemo, a watse.

Duk wanda ke riƙe da meri, zaɓaɓɓen magajin gari ne ko kantoman riƙo, idan kuɗin haraji na kasuwa ko na wani furoje ya ba shi damar gini, fasalin ba mai wuya ba ne. Ƙananan ɗakuna a jere, kowane na mutum ɗaya, bango har sama, ƙyaure mai sakata ta ciki. Gefen mata ya ba gefen maza baya, mace ta riƙa karɓar kuɗi a nasu, randa ko famfo a kowane gefe. Sa'an nan a ƙarshen layi a bar ɗaki guda mai faɗi, ba hoton kowa a ƙofarsa, wanda gurgu zai shiga da kekensa, makaho da jikar da ke yi masa jagora, uba da ƙaramar ɗiyarsa, da duk wani bawan Allah da shigarsa ɗayan gefen biyu za ta jawo masa idon jama'a. Mai gadi kuma a rubuta masa aikinsa a takarda: ya karɓi kuɗi, ya cika buta, ya wanke wuri safe da yamma.